Hula a Kan Makunni

Zuwa ga Injiniya,

Sallama da gaisuwa daga kawunka makaniki, in har ba ka manta kana da shi ba. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan da sauƙi. Gwaggonka ƙafa ce ta matsa mata, in ta zauna sai an miƙa mata hannu take tashi. Ni kuwa kunnuwa ne, ƙarar inji ta cinye su, shi ya sa ban kira ka ba, don waya a kunnena da sabulu duk ɗaya. Tela na bakin ƙofarmu ne ke rubuta mini wannan. In ka ga kuskure nasa ne, in ka ji zafi nawa ne.

Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta kamar zare, kakarka da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma lokacin da ka zo neman makarantar koyon lantarki, a ɗakina ka shimfiɗa tabarma, kuma ba wanda ya tsaya warware zare.

To, an dakatar da ni daga aiki. A kamfanin abincin kajin nan da ka sani, inda na shiga gashina baƙi ƙirin. Ka tuna babbar tukunyar da ke gauraya dusa da masara, mai fikafikan ƙarfe a ciki? In boris ɗin da sandar tsakiya ke juyawa a kai ya ci, ko fiffike ya lanƙwashe, dole mutum ya sauka cikinta da sufana. Tun kafuwar wurin ga yadda muke yi: ka je akwatin wuta, ka sauke hannun babban makunni ƙasa, ka cire hularka ka rataya a kai. Duk wanda ya ga hula ya san mai ita yana cikin tukunya, har ya san ko wane ne. Tawa ja ce. Ta Dogo, abokin aikina, maiƙo ya rina ta har ba a san asalin launinta ba. A haka muka tsufa, ko farce ba wanda ya taɓa rasawa.

Sai aka kawo mana sabon manaja mai takalmi da tsini. Ya zo da kwaɗuna jajaye da wasu katuna. Wai kowa in ya sauke makunni ya garƙame shi da kwaɗo, ya rubuta sunansa a kati ya rataya, ya tattaɓa wayoyi da wani abin gwaji. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, kwaɗo ai don ɓarawo ake yin sa. Wa kake zargi a cikinmu?” Ya ce doka ce. Na ce, “Katin fa, wa zai rubuta, ni da ban san ko bihim ba?” Ya ce in nemi wani ya rubuta mini. Ka ji fa. Ni da na ɗaura injin nan da hannuna, in tsaya ina roƙon masu ɗinkin buhu su rubuta mini sunana.

Ranan ya same ni a cikin tukunya, hulata a kan makunni, kwaɗonsa a kan taga. A gaban ma'aikata ya leƙo ya ce in fito. Na fito, dusa har gira. Ya ce ba ni ba aiki sai na dangwala yatsa a takarda cewa na yi kuskure kuma zan bi sabon tsari. In na ƙi, in bar aiki, in kuma bar ɗakin da muke ciki, don na kamfani ne. Ina zan kai gwaggonka da wannan ƙafar?

Kai injiniya ne, yarenku ɗaya da shi. Rubuta masa ka ce tsarina ba shi da aibu. Iyakar abin da nake nema ke nan, ban taɓa roƙon ka komai ba.

Kawunka.

*

Injiniya,

Ina gaishe ka, ko da yake gaisuwar farko ma ba a amsa ba. Ƙafar gwaggonka ta kumbura har gwiwa. Ni lafiyata lau, zama ne kawai ke neman kashe ni.

An ce zumunta a ƙafa take. Taka ko a biro ba ta. Wata ya mutu wani ya tsaya, ba amsa. Tela ya ce ƙila wasiƙar ce ta ɓata a hanya. Na ce masa wasiƙar mai kuɗi ba ta ɓata.

Kullum ina bakin shagonsa ina kallon masu wucewa aiki, kamar karyayyen benci. Ba na jin ƙarar injin, amma ina jin sa a tafin ƙafata, kuma na san boris na hagu ya fara ci. Ba wanda ya tambaye ni. Manaja ya aiko cewa ƙarshen watan nan ne iyaka, ko yatsa ko ɗaki.

Jiya Dogo ya biyo bayan an tashi. Ya zaro kwaɗon da aka ba shi ya nuna mini, ya ce, “Baba, in na maƙala wannan, ai na nuna kai ne mai laifi.” Na ce, “To, kai ka san abin da ya dace.” Ya dafa kafaɗata ya ce ba zai sa ba har sai an mayar da ni. Ka ga mutumin da ba mu haɗa ko kaka ba. 'Ya'yansa biyar, amma bai tsaya lissafi ba.

In ba za ka rubuta ba, ka faɗa mini in san inda dare ya yi mini.

Kawunka.

*

Zuwa ga Kawu,

Na durƙusa na gaishe ku, ku da Gwaggo. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Mu duka lafiya, mai ɗakina tana gaishe ku.

Ku yafe mini. An tura mu wani ƙauye jan layin wuta, sai da na dawo na tarar da wasiƙunku biyu a tare. Ban manta tabarmar nan ba, kuma ba zan manta ba.

Kawu, abin da kuka nema ba zan iya rubutawa ba, don in na ce hula ta isa na yi ƙarya. Hula tana aiki ne muddin duk wanda ke wurin ya san ma'anarta. Baƙo bai sani ba. Iska tana iya kaɗe ta, mai shara yana iya ɗauke ta. Kwaɗo kuwa mabuɗinsa ɗaya ne, yana aljihun wanda ke cikin tukunya, ko mai kamfanin ne ya zo ba zai iya ɗaga makunnin ba. In mutum biyu za su shiga, kowa ya maƙala nasa. Ba zargin kowa ake yi ba, ana yin sa ne don ranar da mutum zai manta.

Kuma sauke makunni kaɗai bai isa ba. Kamfaninku yana da janareta, wato wuta tana da ƙofa biyu, dole a rufe duka. Bayan an kulle, a danna maɓallin tayarwa a ga ko injin zai motsa. A taɓa wayoyin da abin gwaji, shi ma abin gwajin a fara jarraba shi a inda aka san akwai wuta, don ya kan mutu bai faɗa wa kowa ba. Akwai kuma wasu gwangwanaye a jikin injin da ke riƙe wuta ko bayan an kashe, sai an sauke ta. Ɗaukewar wuta kuwa ba kashewa ba ce, tana dawowa ba sallama. Na taɓa ɗauko mutum daga gindin akwatin wuta, shi ma cewa ya yi ai an ɗauke.

Batun kati mai sauƙi ne, ba sai an rubuta suna ba, a manna hotonku a jiki. Na san barin abin da aka saba da wuya, kun fi ni sanin abin da magabata suka ce game da sabo. Ku dangwala yatsan nan, Kawu, don Gwaggo. Ku kuma gaya wa Dogo ya sa kwaɗonsa tun gobe, ina roƙon ku.

Yau zan rubuta wa manajanku, in gaya masa ko ku wane ne, in kuma ba shi shawara a kan tsarin.

Ɗanku.

*

Injiniya,

Muna nan da rai. Gwaggonka ta amsa gaisuwa, ni ban amsa ba.

Ka san yadda ake karanta mini wasiƙa? Tela sai ya kafa baki a kunnena ya kwarma, duk layin ɗakunanmu suna ji. Da ya zo wurin da ka ce magabata da sabo, matar mai gadi tana wanki a bakin famfo ta ɗago ta ƙarasa maka: “Turken wawa!” Aka kwashe da dariya. Ka zage ni, ka bar wa wata ta ɗauki alhakin. Dabarar 'yan boko ke nan.

Sannan ka ce don ranar da mutum zai manta. Wato na tsufa, na fara ruɗewa. Ni da zan kwance injin nan ido rufe in jera maka kusoshinsa. Tela ya ce ba ni kake nufi ba, wai wani mutum daban. Na ce masa wasiƙar ga wa aka aiko ta? Kuma in manna hotona a jikin akwati, kamar ɓarawon da ake cigiya.

Taka wasiƙar ta isa wurin manaja, har ta yi aiki. Ya tara ma'aikata a bakin sito, tsofaffi da sababbin da ya ɗiba kwanan nan, ya ɗaga ta sama ya ce, “Ga ɗan'uwan Baba makaniki ma, injiniya ne, ya ce hula ba ta tsare kowa.” Ya kafa doka: daga yau duk hular da aka gani a kan makunni a cire ta, in babu kwaɗo to babu kowa a ciki. Ni kuwa ya ƙara mini wata guda, wai albarkacinka. Na kira ka kashe gobara ka zo da kananzir, sannan ka ba ni wata guda in sha hayaƙi.

Saƙonka ga Dogo ban isar ba. Ni ba ɗan aikenka ba ne. Dogo da gemunsa, ya san hannunsa na dama.

Yatsana yana nan a hannuna, ba zai taɓa takardar kowa ba.

Kawunka, wawa.

*

Injiniya,

Ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Muna raye. Dogo ma yana raye, abin da ya rage nasa.

Boris ɗin da na gaya maka ya ci ya ƙare. Da hantsi aka ɗauke wuta, Dogo ya ce bari ya yi amfani da damar ya canza shi. Ya yi yadda muka saba, ya sauke makunni, ya rataya hularsa, ya sauka cikin tukunya. Mai tayar da injin a ranar cikin sababbin nan ne, magidanci ne kamili, ba ruwansa da kowa. Ya dawo daga shan ruwa ya ga hula. Ya duba babu kwaɗo. An gaya masa in babu kwaɗo babu kowa. Har kaɗe ƙurar hular ya yi, ya ajiye ta a kan taga don kada mai ita ya neme ta ya rasa. Aka tayar da janareta. Ya ɗaga makunni, ya danna.

Ina bakin shagon Tela na ji injin a ƙafata, ya tashi ya yi wani irin tuntuɓe ya tsaya. Na san inji ba ya tuntuɓe a banza. Sai na ga mutane suna gudu, na bi su. Ni na nuna musu yadda za a juya fikafikan baya da hannu, don duk cikinsu ba wanda ya sani, manajan yana tsaye yana ta latsa waya. Mun fito da Dogo. Hannunsa na dama an yanke shi a asibiti daga kafaɗa. Ƙafar ma ba a tabbatar ba. Shi kuwa wanda ya danna, a ƙasa ya zauna ya ɗora hannu a ka yana ta cewa, “Na duba, wallahi na duba.” Ba wanda ya iya cewa bai duba ba.

Shekara da shekaru hular nan tana kan makunni ba wanda ya taɓa ta. Sai da takardarka ta zo aka koya wa mutane cire ta. Kana can a ofis ƙarƙashin fanka, ba ka taɓa ganin Dogo ba, ka cire masa hannu da biro.

Tela ya ajiye biro ya ce wannan ba zai rubuta ba. Na ce ya rubuta, ko in tafi wurin wani. Ga shi ya rubuta.

Matar Dogo bango ɗaya ne tsakaninmu. Tun ranar gwaggonka ba ta iya cin abinci ba.

Makaniki.

*

Kawu,

Ina gaishe ku da Gwaggo, ina kuma yi muku jaje. Tun da na karanta wasiƙarku ban sami sukuni ba. Allah ya tashi kafaɗar Dogo, ya rufa wa iyalinsa asiri.

Ba zan wanke kaina tas ba. Na rubuta wa mutumin da ban san halinsa ba, a kan wurin da rabona da shi tun ina ɗalibi. Amma ga abin da na rubuta masa: kada a hana hula sai an tabbatar kowa yana sa kwaɗo, kuma kada a taɓa tayar da injin sai an leƙa cikin tukunya da ido an yi kira. Ya ɗauki rabin maganar da ta fi sauƙi, ya bar rabin. Rashin kwaɗo ba ya nufin babu kowa a ciki. Wanda ya koya wa ma'aikata haka ya koya musu kisa, kuma na gaya masa hakan.

Saura magana ɗaya, Kawu, kuma na so a ce ba ni zan faɗa ba. Manajan ya rubuto mini cewa a asibiti, da aka yanke wandon Dogo, an sami kwaɗonsa a aljihu, da mabuɗin a jiki. Yana tare da shi a cikin tukunyar. Da yana kan makunni, da mutumin nan ya ja ya ja ya haƙura. Kun san dalilin da ya sa bai maƙala ba, ku kuka rubuto mini da kanku. Na kuma roƙe ku ku gaya masa.

Ku ce wa Tela ya ja ku ciki kafin ya karanta wannan. Ba don in ci muku fuska na faɗa ba. Har yanzu akwai masu shiga tukunyar nan, kuma ku suke kallo.

Ɗanku.

*

Injiniya,

Gaisuwa. Gwaggonka tana takawa da sanda yanzu. Tela ya ja ni cikin shago ya rufe ƙofa kamar yadda ka ce, amma ƙofar langa-langa ce.

Ban zo yin gardama da kai ba, ka fi ni baki. Abin da na sani shi ne, kafin ku zo da jajayen kwaɗunanku Dogo yana da hannu biyu.

An mayar da ni aiki. Manajan da kansa ya tako har ɗakina, takalmin nan mai tsini ya cire a bakin ƙofa. Sandar tukunyar ta lanƙwashe, an kawo masu gyara daga waje sun ce sai dai a sayi sabuwa, kaji kuwa ba sa jira. Ya miƙo takardar. Na dubi gwaggonka, ta dubi ƙafarta. Na dangwala.

Ni na sauka na wanke tukunyar, don ba wanda ya yarda ya shiga. Kafin in sauka na kulle makunnin gidan wuta, na kulle na janareta, na danna maɓalli, na tattaɓa wayoyin da abin gwajinku. Mabuɗan na zura su a igiya na rataya a wuya. Ma'aikata suna tsaye suna kallona, washegari na ga kowa da igiya a wuya. Kada ka ɗauka na yarda da kai ne. An ce in yi, na yi.

Na je asibiti. Dogo ya rame, sai idanu. An ceci ƙafar. Matarsa tana zaune a bakin gado tana ba shi ruwa da cokali, na gaishe ta, ta dubi bango. Shi kuwa da ya gan ni har murmushi ya yi, ya ce, “Baba makaniki, an ce ka koma. Wa zai riƙa miƙo maka sufana yanzu?” Na ce, “Kai mana, hagun me take yi?” Ya yi dariya har ciwon ya tsayar da shi. Sai ya yafito ni na sunkuya, ya ce, “Baba, ban sa ba fa. Na riƙe maka alkawari.”

Na ce masa ban ji ba, ya san kunnuwana. Na ɗauka zai bari. Sai ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga murya ya maimaita, har na gadon ƙarshe ya juyo. Matar ta ajiye cokalin ta fita.

Ɗakin dai mun riƙe shi. Amma gwaggonka ta daina zuwa famfo sai ta leƙa ta ga matar Dogo ba ta wurin. Jiya tana ninke kaya ta ce mini da ta san a kan wannan ɗakin ne Dogo zai rasa hannu, da mun kwana a titi.

Ga aiki, ga ɗaki, abin da na nema ke nan. Kada ka aiko mini da barka.

Kawunka.